Mai Sikeli a Gindin Dutsen Kagoro

A garinmu rana ba ta sammako.
Sai ta gama hawan dutse, kamar kowa,
sannan ta leƙo mu.

Ni mai sikeli ne a bakin tasha.
Shekara goma sha tara ina auna gumin mutane.
Ƙasar da ta manne wa buhu
ita ke gaya min gonar da ya fito:
ja ta gangare,
baƙa ta kwari,
inda gwaza ke tsayawa da ƙafa cikin ruwa.

Damina a nan 'yar gida ce.
Gajimare kan kwana a wuyan dutse,
da safe ya sauko yana shafar jinka,
rafi ya yi ta surutu tsakanin duwatsu
har birai su gaji da saurare
su faɗa wa masarar mutane.

Kasham kan sauko da hantsi.
Yatsunta duk tabon wuƙa.
Ita ke tsaga citta, ta shanya a falalen dutse,
ƙamshin ya riga ta isowa.
Ba ta yarda da allurar sikelina ba,
ta fi yarda da kafaɗarta.
Sau biyu muka yi musu,
sau biyu ta fi ni gaskiya.

Sai shekarar da ganye ya yi rawaya tun Agusta.
Aka tona, aka tarar da ruɓa.
Manyan motoci suka zo daga Legas,
suka kwana uku, suka koma da iska.
Ɗanta Didam ya sayar da babur,
ya tafi Abuja gadi.
Na rataye sikeli, gizo-gizo ya yi haya a ciki.

Ta zo min da acca mudu huɗu
da zuma a kwalbar lemo.
Na ce, "Na ji kina da ragowa
a ƙarƙashin mangwaro, an rufe da ciyawa.
Zan ninka miki kuɗi uku."

Ta dubi dutse, ba ta dube ni ba.
"Tanimu, wannan iri ne.
In na ba ka,
me za ka auna baɗi?"

Ta ƙulle kuɗin acca a bakin zane,
ta kama hanyar hawa.
Ina kallo har jan ɗankwalinta
ya shige bayan ɗorawa.