Inci Biyu

Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara.
"Kai ne Odell Pruitt, kakan yaran?
Za ka karɓe su, ko mu nemi wani gida?"
Wa ake tambaya ko yana son idonsa?
Na fita da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Tavion ya zo da baƙar leda ta shara,
kayansa ke nan, da motar roba mai taya uku.
Renita na barci a kafaɗar 'yar sanda.
Uwarsu 'yata ce. Kada ku tambaye ni.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shekara talatin da ɗaya ina kwance
ƙarƙashin motocin bas na Toledo,
ina jin mutuwar inji kafin ta zo.
Fanshona rigar mutum ɗaya ce,
an ɗinka ta daidai wuyana.
Yanzu mu uku ke neman shiga cikinta:
madara, takalmin ƙanƙara, maganin asma,
wutar da nake kashewa in sun yi barci.

Misis Dombrowski ta zo ran Talata
da fayil da tef ɗin awo.
Mace mai kirki, har takalmi ta cire a ƙofa.
Ta ce tallafin kashi biyu ne:
mai kauri ga wanda ke da lasisin riƙo,
ɗan siriri ga dangi.
Na ce, wato baƙo ya fi ni tsada?
Ta ce ba haka ba ne.
Ta dubi takarda. Ta ce, to, kusan haka ne.
Amma kai ma kana iya nema.

Na nema.
Na dangwala yatsu goma, masu baƙin man da ba ya fita.
Na zauna a aji da dare, yarinya sa'ar autata
tana koya mini yadda ake lallashin yaro,
ni da na yaye huɗu.
Na sayi tukunyar kashe gobara,
na kulle magunguna, na ɓoye wuƙaƙe.
Da ina jin zumunta a ƙafa take,
ashe a nan cikin fayil take kwana.

Sai taga.
Tagar ɗakin yara ta gaza da inci biyu.
In wuta ta tashi, in ji takarda,
mai ceto ba zai shiga da kayansa ba.
Ban yi musu ba. Gaskiya ce, ko da ɗaci.
Inci biyu, faɗin yatsuna biyu da kaɗan,
tsakanin jikokina da rigunan sanyi.

Ran Asabar na kira Cleophus, maƙwabcina.
Ya zo da zarto, da ciwon baya, da surutu.
Muka fasa bango a tsakiyar Janairu,
iska daga tafki tana yankan kunne.
Na ce Tavion ya riƙe mini bakin tef.
Yaron da sati bakwai bai ce uffan ba,
ba ga malama, ba ga likita, ba gare ni.
Ya ɗaga kai, ya bi lambobin da yatsa.

"Kaka," ya ce, "ka wuce. Ya yi uku."

Cleophus ya ajiye zarto.
Ni na juya baya, wai ƙura ta shiga idona.

Fayil yana ofis har yau.
An ce sati shida, an ce wataƙila takwas,
an ce mai sa hannu ta tafi hutu.
Ina ƙirga sauran madara da ido.
Amma da safe Renita kan hau kujera
ta manna goshi a sabon gilashi,
tana gaida kowace bas da ta wuce,
Tavion yana gaya mata lambarta.