Shekarar Ɓarin Tumaki

A Maiwurno ruwa ya zarce kima,
Kogin Nilu ya hau gonar Halima,
Ya bar tabki a inda muke yin noma,
Wata ya wuce bai ƙafe ba.

Tunkiyata Jar-wuya ta yi ɓari,
Kafin la'asar shida sun bi jeri,
Na haƙa rami guda a bayan gari,
Ban ƙirga abin da na zuba ba.

Harisu ƙanena mahauci ne,
Ya ce, "Yaya, naman halal ne,
Mu yanka ragowar, ai kuɗi ne."
Bai sa komai a hannunsa ba.

Kwana huɗu jikinsa ya ɗau zafi,
A Sinnar aka ce masassara ce, ba ta fi,
Mun ba shi ƙwaya, mun haɗa da tofi,
Zazzaɓin bai ko gusa ba.

Da ya tashi, sai idanunsa suka soma:
Hayaƙi ya tsaya musu kamar lema,
Yana jin muryar 'yarsa Karima,
Fuskarta bai ƙara rabewa ba.

Busaina, likitar dabbobi,
Ta zo garke tana duba bi da bi,
Ta ce, "Wa ya kwanta? Ku ba ni jawabi,
Ba tumaki kaɗai na zo gani ba."

Na ce, "Ke taki ta dabba ce."
Ta ce, "Cutar guda ɗaya ce,
Daga tabki zuwa turke zuwa gado hanya ce,
Sauro bai raba mana aiki ba."

Ta kira likitan mutane a waya,
Suka ɗebi jinin Harisu da na tunkiya,
Da sauron tarko, a ƙanƙara wuri ɗaya,
Ba su ko tsaya shan gahawa ba.

Kwalbar ta je Hartum ta kwana,
Ta hau jirgi, ta bar ni a gona,
Jinin Jar-wuya da na ɗan'uwana
Sun je ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Wata a Nairobi ta duba ta gane,
Aka gaya wa Habasha ko mene ne,
Aka gaya wa Jidda: ku kula, shi ne.
Namu ma ba su ɓoye ba.

Sai jirgin Sawakin ya daina lodi.
Raguna talatin, duk jarin kuɗi,
Na kiwata don layya da bashin Mahadi,
Dillali bai ko taya ba.

Na zagi Busaina, ba na musu,
Na ce da ta yi shiru da an saye su.
Daga kan tabarma sai Harisu
Ya ce, "Yaya, ba ka ji kunya ba?

Ragon da kake so ka tura Makka,
Wani mai yaya ne zai yanka,
Da hannu tsirara, kamar ƙanenka."
Ban sami abin da zan ce ba.

Wata biyu, sai ga mota ta tsaya,
Rigakafi daga kudancin nahiya,
Kuɗin na Jidda, mai allura ɗan Itofiya,
Ba mu ji yaren juna ba.

Ni na riƙe ƙaho, shi ya soka,
Ya nuna da yatsa: kawo na bayanka.
Rago ya tunkuye shi ya zauna a laka,
Dariya ba ta nemi tafinta ba.

Yanzu saƙo kan shigo wayata:
"Masu duban sama sun ce ruwa zai yawaita,
Ku hau tudu da garke, allura ta gabata."
Wanda ke aikowa ban san shi ba.

Bashin Mahadi saura rabi.
Harisu na rumfa yana jan carbi,
Karima ce ke riƙe masa hisabi,
Bai koma kan wuƙa ba.

Amma in ya ji ana wasa ta a kasuwa,
Yakan juya kunne wajen mai wasawa,
Ya ce, "Sa safar hannu, bar gaggawa.
Ni ban sa tawa ba."