Tsakuwa Tara

Ni ne Manu, ɗan Fadamar Mada,
Shekara sha shida jaka na kafaɗa,
A filin ƙwallon lambu na san kowace gada,
Na san surin da ƙwallo ke ɓuya in ta faɗa,
Boko ne dai ban yi ba.

Doka a bakin Baba Iliya na ɗauka,
Shi da ya rasu bara da damina ta sauka,
Ya ce, "Inda ta kwanta, can ne aikinka,
Ƙwallo ba ta san mai kuɗi ba."

Asabar ɗin nan gasar kofi ta zo,
Aka ba ni Injiniya Bappayo, wai gwarzo,
Sanda sha bakwai a jaka, nauyi sai ƙwazo.
Na ce, "Ranka ya daɗe, sha huɗu ne iyaka."
Ya ce, "Saya na yi, ba aro ba."

Barista Gidado mai koya wa kotu doka,
Tasa ta wuce farin turke, gonar gyaɗar Luka,
Ya bi ta can yana sara kamar mai shuka,
Mai gona na ihu, shi yana "Ai fili ne duka,"
Bai san turke iyaka ne ba.

Dakta Rifkatu ta ɓatar da tata a ciyawa,
Minti uku doka ta ba mai nemowa,
Ta yi rabin awa, har makiyaya na tayawa,
Ta tsinci wata mai tambarin banki, ta buga,
Ba ta ko duba ba.

To, rami na sha biyu ne ya ja mini.
Injiniya ya kai duka, iska ya sara,
Ƙwallo na kan tsinke tana masa harara,
Ya ce, "Gwaji ne, yanzu zan fara."
Na jefa tsakuwa ɗaya a aljihu,
Tsakuwa ba ta san gwaji ba.

Na biyu ta tashi, ta sauka a kashin shanu,
Ɗanye, yana tururi, ya dube ni: "Manu!"
Na dubi dutse. Ya sa takalmi, ba hannu,
Ya turo ta kan ciyawa a hankali, sannu.
Tsakuwa biyu, ban yi tari ba.

Bugu ɗaya ramin yashi, biyu kafin ta fita,
Biyu kuma a bakin rami yana lallaɓa ta.
Barista ya ce, "Nawa?" Ya ce, "Biyar, rubuta."
Bai ma yi da gangan ba, shi ne abin haushin,
Bai san ya yi laifi ba.

La'asar aka taru a rumfa, ga lemo ga tsire,
Dakta ta ce ta ga takalmi, magana ta tsire,
Kyaftin ya nemi littafin doka, an ture,
Ashe shi ke tokare da ƙafar tebur
Tun zamanin da ban zo ba.

Sai aka ce, "A kira yaron jaka."
Yaro! Da furfura tara a gemu da jika.
Na zazzage aljihu a gabansu duka,
Kyaftin ya ƙirga, ya ce, "Tara?"
Na ce, "Tara, har da tara a ciki, yallaɓai,
Sandunan ma ban sa ba."

Suka yi shiru, suka yi dariya, suka yi shawara,
Wai zumunci ake yi, kar a tsawwala,
Kofi ya shiga motar Injiniya, an gama.
Ni ko dubu biyun da ya saba miƙo mini
Yau hannunsa bai tuna ba.

Na tako da ƙafa har Wunti, magariba ta yi,
Mai masa ta ce, "Na nawa?" Na laluba,
Tsakuwa na ji, na kwaso su ashe.
Na ce, "Ba ni bashi, Asabar mai zuwa."
Ta ce, "Kai dai Manu, ba ka canza ba."