Na Kama Hayar Shiru

Dillali Tsahiru ya ce mini, hau,
babur ɗinsa na tari kamar tsoho.
Muka bar Bagalam da hayaniyarta,
muka sauka daga kwalta, muka faɗa rairayi,
sai ga Ali Ɗan Sofo, ƙofofin ƙarfe a jere,
kowace a rufe kamar bakin mai azumi.

Ciki da falo ne, in ji shi,
makewayi naka kai kaɗai,
ga famfo a tsakar gida, ba layi, ba bokitin kowa.
Na murɗa, ya yi gyaran murya, ya tofo jan ruwa,
can ya ji kunya ya sako fari.
Na ce, ya yi.

Hajiya Tabawa ba ta dubi fuskata ba,
takalmina ta duba.
Jika talatin a wata, na wata uku a gaba,
da na ajiya, ko za ka fasa mini wani abu.
Wuta ku raba da na ɗakin gabas.
Ba tumaki, ba fada a ƙofar gida,
bayan lisha ba bugun ƙyaure.
Me kake yi?
Na ce, jini nake aunawa a asibiti, Hajiya,
dare a tsaye, rana neman barci.
Ta ce, to, ka zo gidansa.

Shekara ashirin da tara
ban taɓa juya makullin kaina ba.
Mu shida a ɗaki, ga minsharin Lawali,
ga Auta mai shuri cikin mafarki,
injin niƙan Na-Allah a bayan katanga,
turmin Inna tun kafin ladan ya yi shiru,
rigimar Hassu da kaji a kan tsaki.
Na sha rantsuwa, ranar da na samu nawa
sai na yi barcin da kunne zai manta su.

Amalanke guda ta kwashe ni kaf:
katifa, risho, buta,
da fanka mai gyangyaɗi.

Na dawo aiki da hantsi, na saki labule, na kwanta.
Shiru ya shigo ba sallama, ya zauna a ƙirjina.
Na ji agogon hannuna yana tafiya,
na ji ƙadangare yana haɗiyar yawu bisa katanga,
na ji cikina yana yi da ni.

A bango, kusa da ƙofa,
wani ya ja layuka da fensir,
ɗaya bisa ɗaya har biyar,
awon tsayin yarinya, an rubuta Sahiya.
Na ƙarshen ya tsaya daidai ƙuguna.
Fentin Hajiya ya kasa haɗiye su.
Tibiri suka koma, ko Dakoro,
ko kuwa wata ne ya riƙa riga su gudu?
Ga ƙusar da suka bari,
na rataya farar rigata a kai.

Kwana huɗu idona biyu,
saura ƙiris in rubuta sunan wani a jinin wani.
Rana ta biyar na kira gida.
Hassu ta ɗauka, lafiya, Yaya?
Na ce, kada ki ce komai,
aje wayar a tagar madafa, ki tafi harkarki.
Sai ga injin Na-Allah,
ga taɓarya,
ga Inna tana kiran ɗaya da sunan ɗaya.
Na jingina wayar da matashi.
Ban farka ba sai la'asar sakaliya,
katin jika guda ya tafi.

Yanzu ga lissafina duk wata:
talatin na Hajiya, rabin wuta,
da kuɗin sayo surutu daga Bagalam.

Na ɗakin gabas, wata biyu ke nan,
ya ɗaga hannu, in ɗaga hannu.
Ban san sunansa ba,
na dai san yana ƙona albasa da azahar.
Gobe ba ni da aiki.
Zan dafa shayi, in buga masa ƙyaure,
kafin lisha.