Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai na safe a Póvoa,
teku na tari a bayan taga kamar wanda ya kwana da mura.
Na shiga da ƙaramin faranti:
ƙwaya fara, ƙwaya ja, rabin kofin ruwa.
Dona Ermelinda ta dubi farantin, ta dube ni,
ta ce, "Farar zan sha. Jar ki mayar musu."

Shekara hamsin da ɗaya ta yi tana ɗinkin koma a bakin ruwa.
Yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙugiya,
maɓallin rigarta ma ya fi ƙarfinta,
amma "a'a" a miƙe take fita daga bakinta,
ba gargada, ba tuntuɓe.

Na ja kujera na zauna.
Na maimaita abin da likita Valdemar ya ce:
in ta daina, jini na iya daskarewa,
wataƙila baɗi, wataƙila daren yau.
Ta ce, "Graciete, kunnena ne ya yi nauyi, ba kaina ba.
Na ji tun ranar Litinin.
Dubi hannuna, kamar ɓauren da ya faɗo daga reshe,
ko zanen gado ya goge ni sai jini ya kwanta.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Da azahar ɗanta Albano ya kira daga Lyon,
muryarsa na rawa, ƙarar motoci a bayansa:
"Ki daka ta, ki zuba a miyar kabeji,
ba za ta sani ba."
Ban ga laifinsa ba. Uwa ɗaya gare shi.

Na tsaya a kicin, miya na tururi,
ƙwayar na kan tebur, cokali na hannuna.
Tsakanina da ƙarya
bayan cokali ne kawai, da ɗan dannawa.

Sai na tuna ranar da aka kawo ta da akwati biyu.
Makullin gidanta yana wajen lauya,
tukunyarta tana wajen maƙwabciya.
Mu ke cewa gari ya waye, mu ke kashe fitila,
labulen ma wani ne ya zaɓa.
In na saci bakinta kuma,
me ya rage mata a ɗakin nan?

Na kai miyar yadda take.
Ta shanye, ta ce gishiri bai ji ba.
A littafin aiki na rubuta:
an miƙa, an yi bayani, ta fahimta, ta ƙi.
Na sa hannu, hannun bai so ba.

Gobe zan sake tambaya, jibi ma haka.
Ran Alhamis ta ƙi wanka, har da jifa da soso,
ran Juma'a ita ta danna ƙararrawa
ta ce a kawo shuɗin sabulu, kada ruwan ya cika zafi.

Ba na ɓoyewa, tsoro nake ji.
Ƙarfe uku na dare nakan tsaya a ƙofarta
ina ƙirga yadda bargo ke hawa yana sauka.

Ɗazu ta ce in buɗe taga.
Na ce iska ta yi yawa.
Ta yi shiru tana kallona
har na ji abin da na faɗa.
Na buɗe.
Ƙamshin gasasshen kifi ya hauro daga layin ƙasa,
ta lumshe ido, ta ce wani yana ƙona nasa.