Cokalin Belisario

Sau ɗaya cikin wata goma sha takwas muke sauke madubin,
mu goma sha ɗaya, a kan tsauni, a hamadar Atakama,
muna takawa kamar masu ɗauke da ƙwai a faranti.
Faɗinsa ya fi ɗakin da aka haife ni a Taltal.
Ni ce mai wanki:
ruwa, sabulu, auduga, sai haƙuri.

Ba ya ganin komai, shi kansa.
Kwarmi kawai gare shi,
irin na tafin hannun mai jiran ruwan sama
a ƙasar da sama ta manta da zubarwa.
Haske ya baro gida tun ba a haifi kakan kakana ba,
ya iso a gajiye, zare-zare, kowa da layinsa.
Madubin ya tare su, ya karya musu hanya,
ya ce: ku gamu a can.
Su hau, ƙaramin madubi ya kore su ƙasa,
su tsuke, su ƙara tsukewa, har su zama ɗigo.
A ɗigon nan ake sake haihuwar tauraro,
a kife.

"A kife?" in ji babana Belisario,
wanda ya yi shekara arba'in yana hana kwale-kwale kifewa.
"Duk kuɗin nan, ku kasa miƙar da tauraro ɗaya?"
Na lashe cokalin miya, na goge da gefen riga.
Na ce, duba cikinsa, ga ka haɓa a sama.
Juya bayansa, ga ka a tsaye, hanci kamar dankali.
Ya juya, ya juya, ya kai kusa da taga,
ya ajiye.
"Hazon teku nake gani, Eulogia. Ko a ɗaki."

Da haka na sani.
Shekara biyu yana gane ni da ƙarar takalmi,
ni kuwa ina can ina goge wa taurari hanya.

A Antofagasta, likita mai gajeren gashi
ta cire masa ruwan idon da ya yi yana,
ta zura wani na roba, bai kai ɓawon kifi ba,
mai ɗan doro gaba da baya.
Tana wanke hannu take gaya mini:
"Wannan ma kifar da duniya yake yi.
Duk abin da kika taɓa gani, a bayan idonki
ƙafa a sama ya sauka.
Ƙwaƙwalwa ce ke tayar da shi, ba ta ko neman godiya."

Washegari aka ɓare bandeji.
Ya dubi bango, ya dubi agogo, ya karanta lokaci da ƙarfi,
sannan ya dube ni, ya daɗe.
"Yaushe kika yi furfura?"

Da muka koma gida bai nufi bakin ruwa ba.
Kicin ya shiga, ya zaro cokalin.
Na ji dariyarsa daga tsakar gida,
yana gaishe da tsohon da ke rataye a ciki kamar jemage.

Yau Litinin, na dawo tsauni.
Madubin na kwance, an yi masa sabon shafe.
Daga bakin ƙofa ga ni a cikinsa, ƙarama, kai a ƙasa.
Na taka, na girma. Na ƙara takawa,
sai na watse, babu fuska, babu hula, haske zalla.
Taku ɗaya bayan nan
na dawo a tsaye, ƙatuwa, kowace furfura kamar igiyar ƙugiya.

Ban gaya wa kowa ba.
Na ja safar hannu, na riƙe numfashi saboda tururi,
na cire wata ƙura guda
da ta isa ta ɓata wa wani tauraro tafiyar shekara dubu.