Taurari Huɗu Da Ɗigo

Kakana da taurari ya zo ƙasar nan.
Shekara bakwai daga Kazaure, a ƙafa,
gamzaki ke tashinsa, zara ke kwantar da shi,
har Sawakin, har jirgin ruwa ya tofo shi Jidda.
Ni jikansa ma da taurari nake cin tuwo,
sai dai nawa biyar ne, suna cikin waya
manne a gilashin mota,
kuma ba Allah ne ya rataye su ba.

Kowa ya sauka sai ya auna ni da babban yatsa.
Bai san sunana na yanka ba,
bai san da ciwon ƙugu nake tuƙi tun asuba ba.
Minti goma sha biyu muka yi tare,
ya yanke hukunci kafin ya rufe ƙofa.

Ran Talata wani saurayi mai ƙamshin turare
ya ce in bi hannun da aka hana, sauri yake.
Na ce a'a. Tauraro ɗaya.
Laraba na taka birki a Bab Sharif,
wata tsohuwa na tsallaka titi da sanda,
na bayana ya yi tsaki, ya dubi agogo. Biyu.
Tsohuwar ta ɗaga hannu ta sa mini albarka,
amma ita ba ta da waya,
albarka kuwa ba ta shiga lissafi.

Ga Ɗanjummai, maƙwabcina a Gulel,
'yan'uwansa goma sha tara.
Su kira shi, ya kewaya da su bayan layi,
kowa ya danna biyar, a sha shayi, a watse.
Yanzu fasinjan filin jirgi nasa ne.
Birkinsa na kuka kamar akuya a hannun mahauci,
to wa ke sauraren birki
in ya ga huɗu da ɗigo tara?

Ƙuri'a tumaki ce, na gane.
Ta gaba ta faɗa kwata, ta baya ba ta tambaya.
Mutum ya shigo ya ga lambata ta yi ƙasa,
sai ya fara sunsunar kujera yana neman dalili,
mai nema kuwa yana tare da samu.

Sai na koyi zaman lafiya.
Na sayi ruwan gora mai sanyi, na zuba alawa a kwano.
In fasinja ya ce rana daga yamma take fitowa,
in ce, wallahi ni ma na lura.
In ya zagi baƙaƙe yana kallon ƙeyata,
in tambaye shi ko in ƙara masa sanyi.
Lamba ta hau.
Kamfani ya aiko mini da hoton kambu,
na nuna wa Kulu, ta ce, a dafa shi da me?

Kada in wanke kaina.
Jiya wani yaro ɗan Bangaladash
ya kawo mana shinkafa a babur, ta huce.
Yatsana ya riga idona:
na danna masa biyu,
sannan na ga wandonsa a yage,
gwiwa na jini, ƙura har gira.
Ya ce in yi haƙuri. Shi ya ce mini.
Na laluba wayar sama da ƙasa,
babu wurin da ake janye tauraro.

Da dare na hau rufin gida
ko zan ga na kakana,
waɗanda ba sa tambayar kowa yaya ya gan su.
Fitilun tashar ruwa sun cinye su ƙaf,
sai guda ɗaya can, shi ma yana tafiya,
ashe jirgi ne.

Waya ta yi ƙara.
Fasinja a Hindawiyya, minti huɗu.
Na sauko, na tada mota,
na gyara murmushin a madubi.